Kwamin da Shanu Suka Ƙi

Fanna 'yar Baba Kura ce, mai sayar da kanwa da busasshen kifi a kasuwar Kazaure. Mahaifin nata daga wajen Nguru ya zo tun yana saurayi, ya zauna ya yi aure, har Barbarcinsa ya zama ba a jin sa sai in ransa ya ɓaci. Cikin 'ya'yansa bakwai, Fanna ce yake cewa ta fi gajiyar da shi, domin ba ta karɓar magana yadda aka miƙo mata. In ya ce wa mai saye kanwar nan ta fi waccan kyau, sai ta bari mutumin ya tafi ta ce, "Baba, wa ya gwada?"

Da wannan hali ta girma. Ta yi difloma a kan raya karkara, ta auri Malam Sama'ilu mai koyar da lissafi a sakandare, ta haifi 'ya'ya uku. Shekara goma sha biyu ta yi tana aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta da ke haƙa rijiyoyin burtsatse da gyara ɗakunan shan magani a ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura. Ita ce mai tara mutane a ƙarƙashin bishiya, ita ce mai tsara ranar da za a kawo yashi da ranar da za a zuba kankare, ita ce kuma mai bin ɗan kwangila a waya har ya gaji ya zo.

Tana da shekara arba'in da ɗaya ƙungiyar ta naɗe tabarmarta ta bar jihar. Fanna ta shiga neman wani aikin, sai ta ga duk tallar da ta buɗe ana son mai takardar shaidar ƙwarewa a jagorancin ayyuka. Wata hukuma ce a ƙasar waje ke bayarwa, bayan mutum ya ci jarrabawa mai tambaya kusan ɗari biyu, a kan kwamfuta, cikin awa huɗu. Abin ya ba ta mamaki. Aikin da ta yi shekara goma sha biyu tana yi ashe littafi guda ne da shi, mai kauri kamar bulo. Ta samo shi don ta ga me suka sani wanda ita ba ta sani ba.

Bayan sallar asuba take karatu, kafin yara su tashi, sai kuma bayan la'asar. Ranar Lahadi Malam Sama'ilu kan ajiye agogo a kan tabarma ya ba ta tambayoyin gwaji. A nan matsalarta ta fito. Kowace tambaya ɗan labari ce: wani ma'aikaci ya ƙi zuwa taro, wani mai kawo kaya ya makara, me ya kamata jagoran aiki ya fara yi? Fanna sai ta tsaya.

"Malam, shi wannan da ya ƙi zuwa taron, me aka yi masa?"

"Ba su faɗa ba. Zaɓi ɗaya cikin huɗun."

"To ai ba zan san abin yi ba sai na san dalilinsa."

"Fanna, mutumin nan babu shi. Ƙirƙirar sa aka yi. Minti uku kin ci a kansa, kuma minti ɗaya da ɗan ɗoriya gare ki."

Ta kan yi dariya ta zaɓa, amma a tambaya ta gaba haka za a sake yi.

Kafin a bar mutum ya zauna jarrabawar, sai ya cike fom ya lissafa ayyukan da ya jagoranta: me aka so a yi, me shi ya yi, me aikin ya haifar. Gurbi biyun farko ba su ba ta wuya ba, tana da tsofaffin littattafanta a cikin akwati. A na uku ta rubuta "an kammala, an miƙa wa jama'a" sau huɗu, da ta zo na biyar sai hannunta ya tsaya. Na biyar ɗin wurin shayar da shanu ne da suka gina shekara shida da suka wuce a rugar Ardo Yakubu, can bayan Gwiwa. Rijiya ce mai aiki da hasken rana, da tanki, da famfo ɗaya na mutane, da dogon kwami na siminti inda aka ce shanu arba'in za su iya sha a jere. Ranar da aka buɗe shi an yanka rago, an ɗauki hoto. Tun daga ranar ba ta sake taka wurin ba.

"Ranar Asabar zan je Gwiwa," ta ce wa mijinta.

"Layi uku fa suke so a gurbin nan. Ba su ce ki je ba."

"Na sani, Malam. Ni ce nake so in gani."

Lokacin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai. Ta shiga mota zuwa Gwiwa, daga can ɗan acaɓa ya ɗauke ta suka bi ta cikin gonaki da babu komai sai kututturen kara. Tun daga nesa ta hango tankin, amma ba ta sa rai sosai ba, don ta san yawancin irin wannan aiki ba ya kai shekara uku. Da suka matso sai ta ga farantan sola a goge tas, famfo na zuba, kwamin cike da ruwa. Ta ji daɗi har ta fara murmushi.

Sai ta lura da ƙasa. Babu kashin shanu ko ɗaya, babu sawun kofato. Mata kusan goma ne a jere a bakin kwamin suna wanki, kumfar sabulu na yawo a kan ruwan. A saman kwamin akwai wani dogon bututun ƙarfe da aka gitta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a kansa suka shanya zannuwa. Tana tsaye wani garke ya zo ya wuce ta gefe, shanun ko waiwaye ba su yi ba, suka nufi wani tafki da ya kusa zama taɓo.

Wata tsohuwa mai jar ƙwarya a gefe ta ƙura mata ido, sannan ta ce, "Ke ce mai littafi da biro."

Inna Saude ce, matar Ardo. Fanna ta durƙusa ta gaishe ta, aka tambayi gida da yara da zafi. Da gaisuwa ta ƙare ta ce, "Inna, shanu ba sa sha a nan ne?"

"Ba sa sha."

"Ruwan ne da gishiri?"

"Ruwa lafiyarsa ƙalau. Mu ma shi muke sha."

"To sabulun ne ya kore su?"

"Sai da suka bari muka fara wanki." Tsohuwar ta gyara zama. "'Yar nan, in na gaya miki za ki rubuta ki tafi. Zauna ki sha fura. In shanu sun dawo ki gani da idonki."

Ta zauna. Da la'asar sakaliya Ardo Yakubu da kansa ya jawo wata jar saniya, irin rahajin nan masu ƙahoni kamar an buɗe hannu biyu. Mata suka kwashe shanyarsu, aka zubar da ruwan sabulu aka tara sabo. Saniyar ta sunkuyar da kai za ta sha, sai ƙahonta ya bugi ƙarfen, ƙwal. Ta ja baya. Ta sake gwadawa a karkace, ta samu ta tsoma baki, ta yi kurɓi biyu, ƙahon ya maƙale, ta fizge da ƙyar tana huci. Daga nan ko da Ardo ya ja igiya ba ta ƙara matsowa ba.

"Wannan ita kaɗai ke nan," in ji Ardo. "Ki ce arba'in ne, kowacce na jin ƙishi. A makon farko wata ta karya ƙaho a nan. Shi ke nan."

Fanna ta daɗe tana kallon ƙarfen. "Allah ya ba Ardo nasara, me ya sa ba a faɗa mana ba? Ai mun nuna muku zanen kafin a fara."

"Na faɗa," in ji Inna Saude.

Ashe ranar taron, da aka ɗaga takardar zanen, tsohuwar ta yi magana daga bayan maza. Da yake a gaban surukai da baƙi ne, da Fillanci ta yi ta, a hankali. Ta ce ƙarfen nan ya yi ƙasa, shanunmu ba za su shiga ba. Tafintan, wani dattijo da yanzu ya rasu, ya juya ya ce wa baƙi tsohuwa tana godiya.

Ardo ya sosa gemu. "Mutum ya taso daga nesa ya kawo maka ruwa har ƙofar gida, ka dube shi ka ce ƙarfensa bai yi ba? Da kunya. Ni ma na ji ta, na yi shiru."

Da ta koma Kazaure, kafin ta cire mayafi, ta buɗe akwati ta nemo littafin shekarar. Ga ranar taron, ga sunayen mutum talatin da ɗaya, a ƙasa kuma da rubutunta ta sa: "Kowa ya amince." Ta zauna a bakin gado da littafin a cinya. Kunya ta ji, sosai. A makon nan ne ma ta karanta babi guda a kan masu ruwa da tsaki, wato duk wanda aiki zai shafa, yadda ake gano su da yadda ake jin ta bakinsu, har ta ce a ranta wannan kam ba sai an koya mata ba.

Amma kunyar ba ta kai kwana biyu ba wata tambaya ta danne ta. Shi ƙarfen, me ya kawo shi tun farko? Wa ya ce a sa?

A gurbin nan na uku ta rubuta gaskiya: rijiya na aiki, mutane na sha, mata na wanki, shanu ba sa amfani da kwamin saboda kuskuren zane. Malam Sama'ilu ya karanta ya ce, "Kin tabbata haka za ki tura?" Ta ce haka ne ya faru. Bayan kwana biyar saƙo ya zo cewa tana cikin waɗanda aka zaɓa a binciki bayanansu, sai ta kawo sa hannun wanda ya shugabance ta a kowane aiki. Ba don abin da ta rubuta ba ne, ƙuri'a ce kawai ta faɗo kanta. Ita kuwa daɗi ta ji, don wanda zai sa hannu a na Gwiwa shi ne Injiniya Musaddiƙ, wanda ya tsaya a kan ginin.

Injiniya ya yi ritaya ya koma garinsu Babura yana noman riɗi. Ta same shi a zaure yana gyara wata tsohuwar rediyo. Mutum ne mai tsantseni, irin wanda ke sa a rushe bango in ya karkace da faɗin yatsa. Ya karanta fom ɗin a tsanake, da ya zo layin ƙarshe sai ya cire tabarau.

"Kuskuren zane? Hajiya Fanna, ni na auna wurin nan. Ko inci ɗaya bai kauce ba."

"Yallaɓai, bai kauce ba. Ƙarfen ne nake son in san amfaninsa."

Ya ce an sa shi ne don kada shanu su taka cikin kwamin su ɓata ruwa. Zanen daga babban ofis ya zo, kuma an yi irinsa a wurare da yawa. Ta tambaye shi a ina. Ya yi tunani ya ce a wata ƙasa ce, ya ga hotunan a bayan takardar. Ta ce shanun cikin hoton fa, yaya ƙahoninsu? Ya tashi ya shiga cikin gida, ya jima, ya fito da wata tsohuwar jaka, ya zaro takardar. Shanun hoton baƙaƙe ne da roɗi-roɗin fari, kawunansu sumul, babu ƙaho.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Na auna yashi, na auna rodi, na auna zurfin rijiya. Ban taɓa auna saniya ba."

Ya sa mata hannu. Sannan ya ce yaushe za ta koma, zai bi ta.

Ranar Laraba suka je tare, shi da tef ɗinsa na awo a aljihu. Mutanen ruga sun sha kallo. Dattijo da farar hula yana zagaya shanu, Ardo na riƙe masa kai, shi yana auna tsakanin ƙaho da ƙaho yana faɗa, Fanna na rubutawa. Sun auna goma sha bakwai. Wata ta kusa ɗaga shi sama, ya ja da baya yana dariya, ya ce a rubuta wannan ta ƙi ba da haɗin kai. Da ya gama lissafi ya ce ko an ɗaga ƙarfen ba zai yi ba, sai dai a cire.

Fanna har ta ciro waya za ta kira wani mai walda da ta sani a Gwiwa. Sai ta tuna wata irin tambaya da ta yi ta faɗuwa a gwajin Lahadi: ka gano matsala, ka san maganinta, me za ka fara yi? Kullum sai ta zaɓi a gyara, kullum littafin ya ce a'a, a fara duba wanda gyaran zai taɓa. Ta mayar da wayar jaka. Wurin ma yanzu ba nata ba ne, na kwamitin ruwa na rugar ne.

Aka sa ranar taro. Wannan karon ta roƙi a yi biyu, na maza daban, na mata daban. Na maza bai ɗau lokaci ba, kowa ya ce a cire. A na mata, a tsakar gidan Inna Saude, ta gama bayani tana jiran a yi murna. Can wata mai goyo da ake kira Ma'u ta ce, "Mu dai a bar mana ƙarfenmu."

Fanna ta ce, "Don me?"

Sai baki ya buɗe. Famfon mutane ɗaya ne, layinsa ba ya ƙarewa. Kafin kwamin nan, wanki sai an kai tafki, tafiyar da ke cin rabin yini. Yanzu mace na iya ɗora tukunya ta zo ta wanke kayan yara ta koma kafin ta tafasa. In shanu suka dawo, wurin zai zama caɓi, kuma maza za su hana sabulu. Inna Saude da ta fara cewa ƙarfen bai yi ba, ita ce ta ce, "Shekara shida da suka wuce na ce a cire. Yau ban ce ba."

Wannan bai zo wa Fanna a rai ba ko kaɗan. Ta koma wajen maza ta faɗa musu, wasu suka ɓata fuska, suka ce don shanu aka gina. Ta dawo wajen mata. Sau uku tana kai da kawowa a ranar, har ƙafarta ta yi futu-futu. Ma'u ce ta kawo shawarar da aka tsaya a kai: kwamin ai dogo ne, a raba shi biyu da bango, a cire ƙarfen rabi a bar rabi. Injiniya ya zagaya wurin ya ce zai yiwu, amma ruwan ta ƙarshe ɗaya yake shiga, sai an ja wani bututun, kuma a yi wa ɓangaren wanki magudana ta baya don kada sabulu ya gangaro. Ya zana a bayan takardar awon ƙahoni, aka zagaya da zanen hannu-hannu. Fanna ta sa Ma'u ta maimaita bayanin da Fillanci, ta kuma jira har tsofaffin da ke baya suka yi magana.

Aikin ya ci mako uku, kwamitin ruga ne ya ɗauki nauyinsa. Mako ukun nan daga cikin na karatunta suka fita. Malam Sama'ilu ya ƙara mata gwajin ranar Juma'a da yamma. Wani abu kuma ya canza. Ta rage tsayawa neman labarin mutanen cikin tambaya, domin ta gane yawanci abu ɗaya ake nema: kafin ka yi, wa ya kamata ka ji, me ya kamata ka duba.

A Kano ta zauna jarrabawar, a wani ɗaki mai sanyin na'ura har sai da ta ja mayafi ta rufe yatsu. An karɓe mata waya da jaka, aka ba ta kwamfuta a lungu. Tambayoyi talatin na farko sun yi mata nauyi, Turancin dogo, amsoshi biyu kullum kamar duk daidai. A tsakiya ta duba agogo ta ga tana baya, ta yi ta sauri har kanta ya fara sarawa. Ta gama saura minti shida. Da sakamakon ya fito ta karanta shi sau biyu, ta fita waje ta tsaya a rana har jikinta ya yi ɗumi, sannan ta kira mijinta ta ce, "Malam, an samu." Ya ce alhamdu lillahi, ta sayo wa yara gurasa in za ta taho.

Aikin da ta fara sa wa rai an rufe ɗauka kafin takardar ta iso. Wata biyar ta yi a gida, sannan ta samu wani a Roni, inda ake gina wa manoman gyaɗa rumbun ajiyar iri. A can take yanzu, tana tafiya da safe ta dawo da yamma. Injiniya Musaddiƙ ya sake zana kwamin gaba ɗaya, da awon shanun ƙasar nan, ya buga kwafi yana ba duk wanda ya ji zai gina irinsa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

A ruga kuwa, shanun ba su zo nan take ba. Kwana goma ana kai su bakin kwamin suna tirjewa, sai da aka fara da maruƙan da ba su san ƙarfen ba, sannan iyayen suka biyo. Garken Ardo da wasu uku yanzu a nan suke sha safe da yamma, mata na wanki a ɗaya gefen bangon. Amma akwai gida biyu a gabashin rugar da har yau tafki suke kai nasu, sai ya ƙafe ƙaf suke zuwa. Da Fanna ta tambaya a waya, Ardo ya ce bai san dalili ba. Ma'u ta ce ta sani, amma ba maganar waya ba ce. Fanna ta ce mata in an gama girbi za ta zo.